Babi na Shida: Daga Rangadin Gusau Zuwa Majalisar Kaduna

A shekarar 1929 aka ƙare shimfiɗa layin dogon da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda. Kafin zuwansa, arzikin gabashin ƙasar Sakkwato a bayan jaki da raƙumi yake tafiya. Da ya zo, gyaɗar da aka tona a Ɗan Isa, da audugar ƙasar Zurmi, da fatu da ƙiraga daga kasuwar Shinkafi, duk suka sami hanyar zuwa bakin teku. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da sikeli, mutanen Kudu suka zo aikin tasha da akawu, Gusau kuwa ta zama gari mai baƙi da kuɗi da ƙararraki. Fadar Sarkin Musulmi tana nesa da fiye da kilomita 200, ga shi haraji mai yawa daga wannan yanki yake fitowa. Dole a sami wanda zai zauna a wurin ya zama idon fada.

Wanda aka turo a 1938 saurayi ne ɗan shekara 28, dogo, mai kwarjini, wanda bai daɗe da neman sarautar Sarkin Musulmi ya rasa ba. Sunansa Ahmadu, sarautarsa Sardauna. Masu ba da tarihinsa sukan yi saurin tsallake shekarun da ya yi a Gusau don su kai ga Kaduna, inda tutoci da tambura suke. A nan za mu tsaya a kansu, domin a ƙasar Zamfara ɗan sarkin nan ya koyi abin da ya shiga majalisa da shi, kuma a nan ya ɗanɗani abin da ya kamata ya hana a yi wa wasu.

Gidan da ya fito

An haifi Ahmadu a Rabah a 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne hakimin Rabah, kakansa Sarkin Musulmi Abubakar na Rabah, wanda shi kuma ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Mutanen Ƙaura da Zurmi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan gida. Muhammadu Namoda, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin jagororin da suka ci Alƙalawa tare da Bello a 1808. Alaƙar gabas da gidan Shehu ta girmi zuwan Bature da kusan shekara ɗari.

Yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya rasu. Ya yi karatun allo, aka sa shi makarantar lardi a Sakkwato, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina a 1926, ya fito a 1931. Kwalejin nan ƙarama ce, amma daga cikinta akasarin waɗanda suka riƙe Arewa suka fito. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tarar da shi a can a 1928. Bayan ya gama ya koyar a Midil ta Sakkwato shekara uku, sai Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya naɗa shi hakimin Rabah a 1934. A lokacin ba kasafai ake ganin hakimi mai jin Turanci, mai iya duba littafin haraji da kansa ba.

Da Sarkin Musulmi Hasan ya rasu a 1938, Ahmadu yana cikin waɗanda suka nemi gadon. Aka ba Abubakar, wanda ya riƙe sarautar shekara hamsin, har 1988. Rawanin Sardauna da Abubakar ya sauke, shi aka naɗa wa Ahmadu, aka sa shi a majalisar Sarkin Musulmi, sannan aka tura shi Gusau ya kula da gundumomi goma sha huɗu na gabas. Girmamawa ce ta wani gefe. Ta wani gefen kuma an nisanta shi da birni.

Shekarun Gusau

Aikin da aka ɗora masa aikin ƙafa ne. Hakiman gabas gidajensu tsofaffi ne, kowa da tarihinsa da tamburansa, kuma da yawansu sun haife shi. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba ƙidayar masu biyan haraji, da littafin alƙali, da kurkuku, da kasuwa, da rijiya, da hanyar da damina ta cinye. Wanda ya yi irin wannan rangadi yakan san abin da ba a rubutawa a takarda. Yakan san dagacin da ke ƙara wa talakawa sule a kan harajinsu, da alƙalin da ke jin maganar mai kuɗi, da ƙauyen da mutanensa ke ƙaura a ɓoye don an matsa musu.

Shekara ɗaya da zuwansa Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aikin ya ninka. Turawa suna neman sojoji, suna neman gyaɗa da hatsi, daga 1942 kuma suna ɗibar mutane tilas zuwa haƙar kuza a Jos. Nijar, wadda iyakarta ke arewa da Shinkafi da Zurmi, tana hannun gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus har zuwa ƙarshen 1942, saboda haka iyakar ma sai an sa mata ido. Duk wannan ta hannun En'e ake yin sa, wato ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni. Sardauna ya ga yadda umarni ke fitowa daga ofishin Razdan a takarda ɗaya, ya isa ƙauye ya zama kuka a gida ɗari.

A cikin ayyukan nan babu mai haɗari kamar jangali. Haraji ne da ake karɓa a kan kowane kan saniya, da damina, lokacin da Fulani suka dawo arewa da dabbobinsu. Makiyayi yakan ɓoye wasu shanun a daji ko ya tsallaka da su wata gunduma. Mai ƙidaya yakan rubuta ƙasa da abin da ya gani ya raba ribar da wani. Kuɗin yakan bi hannun arɗo da dagaci da malamin jangali da hakimi kafin ya shiga baitulmali, kuma a kowane hannu ana iya samun yoyo. Saboda haka in ana so a kayar da mai sarauta, ba a wahalar neman dalili.

A 1943 aka tuhumi Sardauna da cin kuɗin jangali. Aka gurfanar da shi a kotun Sarkin Musulmi, aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. A tuna cewa a wannan kotu mai shari'a shi ne shugaban En'en da ake cewa an ci kuɗinta, kuma shi ne wanda suka nemi sarauta tare shekara biyar da suka wuce. Sardauna ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu a Zariya. Wani matashin lauya Bayarabe, Bode Thomas, ya tsaya masa, kotu ta soke hukuncin ta wanke shi. Labarin ya zaga Arewa, musamman a tsakanin samarin da suka yi boko, waɗanda suka ga cewa ashe ana iya ja da hukuncin fada a yi nasara.

Bai mayar da abin gaba ta har abada ba. Aka sasanta shi da Sarkin Musulmi, a 1944 ya koma Sakkwato ya riƙe babban aikin ofishin En'e, sassa da dama suna ƙarƙashinsa. Ya fito daga shari'ar da darasi biyu. Na farko, jinin sarauta ba ya hana a ɗaure mutum. Na biyu, ikon da ba wanda ke duba shi abin tsoro ne ko a hannun wa yake. Darasin farko ya riƙe shi har ƙarshen ransa. Na biyun, kamar yadda za mu gani, ya yi aiki da shi a kan sarakuna fiye da yadda ya yi a kan jam'iyyarsa.

Ƙofar majalisa

Tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a 1947, ya kafa wa Arewa majalisu biyu a Kaduna: Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai. Turawa tsarin ƙasarsu suka kwaikwaya, inda ake da zauren iyayen ƙasa masu gadon sarauta da zauren zaɓaɓɓu. A 1948 Sardauna ya je Ingila ya yi nazarin yadda ƙananan hukumominsu ke aiki. A 1949, bayan rasuwar Wazirin Sakkwato Abbas, aka zaɓe shi ya maye kujerarsa a Majalisar Wakilai. Zaɓen na 'yan majalisar En'e ne, talaka bai jefa ƙuri'a ba. Ta ƙofar sarauta ya shiga siyasa, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba.

Ya shigo a daidai lokacin da ake sake tsarin ƙasa. A taron Badun na Janairun 1950 wakilan Arewa suka dage sai an ba yankinsu rabin kujerun majalisar tsakiya, suka kuwa samu: 68 daga cikin 136. A watan Agusta na wannan shekara abubuwa biyu suka faru. A Kano aka kafa NEPU, jam'iyyar da ta ce talaka da mai sarauta ba tafiyarsu ɗaya ba. A Kaduna kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudurin a binciki tsarin En'e a gyara shi, ƙudurin ya wuce da ƙyar. Sarauta ta ga ana taɓa ta daga waje da kuma daga cikin gida.

Amsar da masu riƙe da En'e suka bayar ita ce su shiga siyasar da kansu. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar tattaunawa ta ma'aikata, ta zama jam'iyyar siyasa a Oktoban 1951, wato NPC. Zaɓen wannan shekara hawa-hawa aka yi shi, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi, kuma a matakin ƙarshe En'e tana da damar cusa nata mutane. NEPU ta yi nasara a matakin farko a wurare kamar birnin Kano, amma ba ta sami kujera ko ɗaya ba. Sardauna ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya aka ƙara masa ma'aikatar ƙananan hukumomi da raya karkara, ya kuma zama wakili a majalisar tsakiya ta Ikko.

Ranar 31 ga Maris, 1953

A wannan rana Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya gabatar da ƙudurin Nijeriya ta sami mulkin kai a 1956. Sardauna ya miƙe ya nemi a cire shekarar, a sa cewa da zarar hali ya yi. Zauren ya hargitse, wakilan jam'iyyun Kudu, AG da NCNC, suka fice, ministocin AG suka ajiye aiki. A cikinsu har da Bode Thomas, lauyan da ya fitar da shi daga ɗauri shekara goma baya. Da wakilan Arewa suka fito, jama'ar Ikko suka yi musu ihu, ana kiransu 'yan amshin shatan Turawa, aka bi su da zagi har tashoshin jirgin da ya mayar da su gida.

Me ya sa ya tsaya a kan wannan matsayi, alhali ya san bakin jinin da zai jawo masa? Lissafi ya yi irin na wanda ya san ƙasarsa. Ya san makarantun sakandaren Arewa ba su cika yatsun hannu ba, ya san masu digirinta ba su taka kara sun karya ba, ya kuma gani da idonsa a Gusau da Ƙaura su wa ke riƙe da tasha da gidan waya da ofisoshin kamfanoni. In Bature ya tafi a 1956, kujerar da ya bari ba ɗan Arewa ne zai hau ta ba. Ana iya yi masa gardama a kan wa ya jawo wannan koma baya, domin sarakuna da Turawa duk suna da hannu wajen taƙaita boko. Amma lissafin kansa gaskiya ne, kuma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Abin ya ci rayuka. A watan Mayu, da AG ta shirya taro a Kano, rikici ya ɓarke tsakanin birni da Sabon Gari, hukuma ta ƙirga gawa 36. Majalisun Arewa suka fitar da manufofi takwas waɗanda kaɗan ya rage su zama ɓallewa. Turawa suka kira taro a Landan, aka fito da tsarin tarayya na 1954 wanda ya ba kowane yanki gwamnatinsa mai ƙarfi. Ranar 1 ga Oktoba, 1954, Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Mulkin kan yankin kuwa sai da ya ga hali ya yi, ya zaɓi 15 ga Maris, 1959, ranar da ta yi daidai da ranar da Turawa suka ci Sakkwato a 1903.

Rawani da ƙuri'a

A ƙasar da aka aro tsarin ma ana fama da tambayar inda ɗan sarauta zai tsaya a mulkin ƙuri'a. Alec Douglas-Home, wanda ya riƙe ma'aikatar hulɗa da ƙasashen renon Ingila daga 1955 zuwa 1960, ya gaji sarautar gidansu a 1951, shi ne na goma sha huɗu a jerin. Da aka ba shi kujerar firayim minista a Oktoban 1963, sai da ya ajiye sarautar ya je ya nemi ƙuri'a a wata mazaɓa a Sikotland, domin Ingila ta wuce zamanin da za a mulke ta daga zauren masu gado. Su sun ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin su kai nan. Arewa an ce ta yi wannan tafiya cikin shekara goma.

Sardauna bai ajiye rawaninsa ba. Da shi yake shiga majalisa, da shi yake yawon neman ƙuri'a, makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo suna yi masa waƙa, jama'a suna kiransa Gamji. Da NPC ta fi kowa kujeru a zaɓen tarayya na 1959, inda ta sami 134 daga cikin 312, al'adar majalisa ta nuna shugaban jam'iyya ne zai kafa gwamnati. Shi kuwa ya zauna a Kaduna, ya bar wa mataimakinsa Tafawa Ɓalewa kujerar Ikko. Bai manta ihun 1953 ba, kuma ya san ƙarfinsa a cikin mutanen da ya san gidajensu yake.

Abin da ya yi da shekarun nan sananne ne. Ya tsaya kai da fata a kan 'yan Arewa su karɓi aikin gwamnatinsu, aka riƙa horar da su cikin gaggawa a makarantar koyon mulki ta Kongo a Zariya. Aka bazu da yaƙi da jahilci har ƙauyuka, dattawa suna koyon karatu da rubutu da yamma. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957. Aka kafa Bankin Arewa da kamfanin raya Arewa, gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, da jami'ar Zariya mai ɗauke da sunansa ranar 4 ga Oktoba, 1962. Gusau, garin auduga, ita ma ta sami masaƙarta. Ya riƙa tura ministocinsa makarantu suna roƙon yara su shiga soja. Gwamnatinsa ta haɗa Musulmi da Kirista, irin su Michael Audu Buba da George Ohikere, duk da cewa yawon musuluntarwar da ya yi a shekarunsa na ƙarshe ya sa Kiristocin yankin da dama suka fara ɗari-ɗari da shi.

Wani aikin nasa ba a cika faɗarsa ba, alhali ya fi sauran canza ƙasa. Tattaɓa-kunnen Bello ne ya sauko da sarakuna ƙarƙashin gwamnatin zaɓaɓɓu. Tun 1952 aka soke tsarin da sarki shi kaɗai ne hukuma, aka ce sai da majalisarsa. Dokar En'e ta 1954 ta ba gwamnatin Kaduna ikon sa ido a kan kuɗinsu da ma'aikatansu. Kundin hukunta laifuffuka da ya fara aiki a 1960 ya ɗaure alƙalai da rubutacciyar doka. A 1962 aka naɗa 'yan siyasa kwamishinonin larduna, suka zama gaba da sarakuna a harkar mulki. A 1963, bayan binciken kuɗin En'en Kano, Sarki Muhammadu Sanusi, wanda tsohon amininsa ne kuma jigo a NPC, ya sauka daga gadon sarauta ya koma Azare. In da wani ɗan talaka ne ya yi wannan, da an ce ƙiyayya ce. Da yake ɗan gida ne, sarakuna suka haɗiye.

Inda aka gaza

Mai ƙaunar Sardauna ba ya bukatar rufe ido a nan. A garuruwan bakin layin dogo irin su Gusau da Ƙaura Namoda, inda 'yan kasuwa da teloli da mahauta da 'yan koli suke da 'yancin aljihunsu, NEPU ta sami magoya baya masu taurin rai. Abin da suka gani a hannun En'e dattawan yankin suna tunawa da shi. Sai an nemi izini kafin a yi lacca, kuma mai ba da izinin ɗan NPC ne. Ɗan doka na En'e ne, alƙali na En'e ne, gidan yari na En'e ne. Ana iya ɗaure mutum don an ce ya zagi hakimi, ko a ninka masa haraji, ko a hana shi rumfa a kasuwa. 'Yar NEPU Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama. A zaɓen yanki na 1961 NPC ta kwashe kujeru 160 daga cikin 170, NEPU ta tsira da ɗaya, kuma ba wanda ya san ƙasar da zai ce wannan adadi shi ne ainihin ra'ayin jama'a.

A nan ne darasin 1943 ya tsaya rabin hanya. Mutumin da ya san zafin a yi maka shari'a a gaban wanda kuke takara da shi, wanda kuma ya tsira don yana da halin ɗaukar lauya zuwa Zariya, ya shugabanci tsarin da ake yi wa tela da manomi irin wannan shari'a, su kuwa ba su da kuɗin mota balle na lauya. Yana da ikon raba 'yan doka da kotuna daga hannun En'e, bai yi ba, domin da su jam'iyyarsa ke cin zaɓe. Sai bayan rasuwarsa gwamnatin soja ta yi wannan gyara. Haka nan matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba duk zamaninsa, sai a 1976. A ƙasar Tibi kuma, inda jama'a suka bi ɗan adawa Joseph Tarka, an zubar da jini a 1960 da 1964, har aka kai ga tura soja.

Asubahin 15 ga Janairu, 1966, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka afka gidansa a Kaduna suka kashe shi tare da matarsa Hafsatu. A daren aka kashe Tafawa Ɓalewa da wasu manyan 'yan siyasa, Akintola da Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi, akasarinsu 'yan Arewa. Kisan bai gyara ko ɗaya daga cikin kurakuran da aka lissafa ba. Ya rufe majalisar da ake iya gyara su a cikinta, ya buɗe ƙofar ramuwar gayya da yaƙin basasa.

Abin da ya rage wa ƙasar Zamfara

Cikin dokokin ƙarshe da majalisar Kaduna ta zartar a zamaninsa akwai dokar keɓe makiyaya ta 1965, wadda ta ba hukuma ikon ware daji don kiwo, a shata iyakarsa, a hana noma cinye shi. Babban dajin da ke ƙasar Zurmi, inda Dumburum take, yana cikin wuraren da aka tanada don haka. Waɗanda suka tsara dokar sun ƙirga shanu da hannunsu, sun raba rigimar burtali da gona a zauren hakimi, sun san cewa ranar da saniya ta rasa inda za ta bi, manomi ma ba zai yi barci ba. Bayan su aka yi sakaci. Aka yanka burtali, aka raba dazuzzuka ga masu hali, shari'ar makiyayi da manomi ta zama hanyar tatsa. Yau mutanen Ɗan Isa da Shinkafi da Zurmi sun san sakamakon a gonakin da ba a iya zuwa, da kuɗin fansa, da ƙauyukan da suka watse.

Zamfara ta zama jiha a 1996, tana da majalisarta a Gusau, tana tura wakilai Abuja, kuma da yawansu suna ɗauke da rawunan da aka naɗa musu bayan sun sami kujera. Sardauna ya bi hanyar ta ɗaya gefen. Kafin ya buɗe baki a majalisa ya yi shekara goma sha biyar yana hakimci da rangadi da aikin ofis, har da tsayuwa gaban alƙali. Shi ya sa in ya yi magana a kan haraji ko makaranta ko rijiya, ana jin wanda ya je wurin ne. Wannan ba gadon jini ba ne, kowane wakili yana iya yin sa, ɗan sarki ko ɗan manomi. Mai ƙuri'a a wannan yanki yana da haƙƙin tambayar mai neman kujera yaushe rabonsa da kwana a mazaɓarsa, da kuma ko zai yarda a yi wa abokin hamayyarsa adalcin da yake so a yi masa. Tambaya ta farko Sardauna ya amsa ta da aikinsa. Ta biyun kuwa 'yan NEPU ne suka yi ta yi masa ita, suka sha ɗauri a kanta, kuma labarinsu a Gusau da Ƙaura shi ne babi na gaba.